Bangon da Ya Yi Furfura

Ina aji huɗu a firamare Baba ya gama gininsa a unguwar Nasarawa, muka tashi daga gidan haya. Lokacin Birnin Kebbi tana ƙarƙashin Sakkwato, ko takardar hutu ce sai ta je can ta yi barcinta sannan ta dawo. Gidan laka ne, amma Baba ya sa aka shafe shi da siminti ciki da waje, aka bi da shuɗin fenti. Baƙo bai isa ya zauna ba sai an kai shi ya shafa bango ya yaba. Ko ƙusa Baba ba ya yarda a buga.

Inna ta jera ɗakinta, gado a nan, kabad ɗin kwanuka a can. A lungun da ke tsakanin kabad da bango ta ajiye adudun mahaifiyarta, wani babban kwandon kaba mai murfi, da zannuwan saƙi biyu a ciki. Mahaifiyar ta rasu Inna tana ƙarama, ko kamanninta ba ta riƙe ba, adudun nan shi ne duk abin da ya zo hannunta. A gindin kabad ɗin nake shimfiɗa tabarmata.

Damina ta biyu tari ya kama ni. Da farko an ce mura ce. Daga baya ƙirjina ya fara shewa, in na je ɗebo ruwa sai na tsaya sau uku a hanya. A asibiti aka ce fuka ce, aka ba mu ƙwayoyi. In na sha sai in ji dama-dama, kwana biyu abin ya dawo.

Muna da maƙwabciya, Bayarabiya mai sayar da kwanuka a kasuwa, kowa Iya yake ce mata. A bakin 'yan kasuwa ta koyi Hausa, saboda haka Hausarta irin tamu ce, sai dai namiji da mace duk ɗaya ne a wurinta. Wata rana ta kawo wa Inna sababbin kwanuka, ta taka kujera tana jera su a saman kabad, sai ta tsaya tana shinshina, ta leƙa baya.

"Maman yara, bangon ga naka ya yi hurhura."

A bakinmu furfura hurhura ce, fumfuna kuma, wannan da ke tsirowa a kan tuwon da ya kwana biyu, hunhuna. Iya ta ɗauki wannan ta sa a gurbin waccan. Inna ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Iya, bango ma tsuhwa shi kai? To bari in nemo mishi sanda."

Da Baba ya ji, shi bai yi dariya ba. Ya ce gidan da bai cika shekara biyu ba za a ce ya tsufa, ai wannan baƙin ciki ne kawai. Mu yara kuwa muka samu abin tsokana, duk tsohon da ya wuce sai mu ce ga bango nan. Ba wanda ya leƙa bayan kabad.

Da aka yi hutu aka kai ni Gulma wurin kakata ta wajen uba. Mota ta sauke mu Argungu, muka kama wata. Har gobe in na rufe ido ina ganin fadamar nan, shinkafa kore shar iya ganinka, mata suna turara ta bara a manyan tukwane, ƙamshin ya cika unguwa. Ɗakin kaka bunu ne, iska tana shiga ta ko'ina. Kwana uku ina cin tuwon shinkafa da miyar kifi shewar ta ɗauke, har tsere nake yi da 'yan'uwa a kan kunyoyin gona. Na dawo gida, mako bai zagayo ba na koma gidan jiya. Aka sake kai ni, na warke, aka dawo da ni, na kwanta. Masu magana suka yi ta yi, wasu su ce ruwan famfo ne bai karɓe ni ba, wasu su ce an yi gini a kan hanyar mutanen ɓoye.

Baba ya yanke hukunci: tunda Gulma ta karɓe ni, a bar ni can gaba ɗaya. Ina son Gulma, amma son baƙunta. A raba ni da Inna, da ajinmu, shi ne ban iya ko tunaninsa ba. Na yi kuka har numfashin ya nemi tsayawa, kukan kuma ya ƙara wa Baba hujja.

Ranar tafiya da hantsi Iya ta shigo da ɗan kwano mai murfi ta kawo mini na sallama. Ta ga ƙunshin kayana, ta ji dalili, sai ta ajiye kwanon ta ɗaure gyale a ƙugu.

"Ni ya hwaɗa maka tun tuni, kai ya yi dariya! Kama nan!"

Ita da Inna suka ja kabad. Warin ne ya fara bugun mu, irin na rigar da aka manta a cikin bokiti. Daga ƙasa har tsayin ƙirjina fentin Baba ya kumbura, baƙi-baƙi da kore-kore, ga wani farin gashi-gashi ya lulluɓe shi. Wallahi da furfura ya yi kama. Inna ta dafa ƙirji.

"Hunhuna! Iya, hunhuna kika nuhi?"

"To mi ni ya ce?"

Bayan wannan bangon randunanmu suke, a nan kuma indararo yake zuba. Laka ta sha ruwa ta ƙoshi, siminti ya hana ta bushewa, ni kuma hancina yana wurin tun farkon damina. Baba ya shigo ya gani da idonsa. Sai ya fita, ya dawo da guduma. Mutumin da ya hana a buga ƙusa, da hannunsa ya farfashe simintin. Aka kwashe randuna, aka ƙara wa indararo tsawo, aka kankare gansakukar tsakar gida, aka fasa taga ta biyu. Gulma dai na je, amma mako biyu kawai, kafin bango ya bushe a shafe shi da farar ƙasa.

Saura adudu. Gindinsa ya yi baƙi ƙirin, hunhuna ta shiga cikin saƙar. Zannuwan sun wanku, shi ne ya ƙi. Na dawo na tarar Inna tana fama da shi, ta goge da toka, ta wanke da sabulu, kullum ta fitar da shi rana ta juya shi kamar mai shanyar barkono. In ta shinshina sai ta ce ai ya kusa. Wata safiya na bi ta gefensa zan ɗauki tsintsiya, sai tari ya sarƙe ni. Sau ɗaya ne tak, mai yiwuwa ma yawu ne. Inna ta dube ni, ta dubi adudun.

"Tahi gidan Iya ki zamna, kak ki hito sai na kira ki."

Ta kan katangar Iya na hango hayaƙin. Da Inna ta kira ni ta riga ta share tokar adudun, idanunta jawur, ta ce hayaƙi ne ya shige su.

Fukar ba ta rabu da ni ɗungum ba, amma ta yi sauƙin da na gama makarantata a gaban Inna. Iya ta koma garinsu da tsufa, kuma har ta tafi ba ta yarda ta yi kuskure ba. Inna ta zauna a ɗakin nan har ƙarshen ranta, kaya suka yi ta ƙaruwa har ƙarƙashin gado ya cika. Maganar adudu ba ta taɓa tayar mini da ita ba. Amma lungun nan ba ta sake ajiye komai a cikinsa ba, kuma kowace safiya shi take fara sharewa.