Dutsen da Baba Ya Samu a Tumbin Saniya

Mahaifina mahauci ne, ɗan mahauci, kuma a duk Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, ba wanda ya taɓa cewa ya sayar masa da mushe ko ya tauye masa awo. Ni ce 'yarsa ta fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba. "Ke" yake ce mini, in ransa ya yi fari ya ce "malamar lakwal", domin ni kaɗai na yi boko a gidan har na zama mai koyarwa. Mijina kuwa, mai fataucin dabbobi tsakanin kasuwannin ƙauye da Damagaram, ko "kai" ɗin ba ya samu. In sun haɗu, wannan ya durƙusa ya dubi ƙasa, wancan ya dubi katanga, su gaisa a gurguje kowa ya kama gabansa. Muna yi musu dariyar wannan kunya ta surukai, ni da Inna, mahaifiyata.

Wata safiya bayan girbi, ina gidanmu na je gaida Inna, sai ga mijina ya jawo wata farar saniya har ƙofar gida. A ƙa'idar kara, wato kasuwar dabbobi, ba a sayen dabba sai ta hannun dillali. Shi ya san mai ita, shi ne shaida, in ta fito ta sata shi za a fara nema. Shekara arba'in Baba bai taɓa tsallake wannan ƙa'ida ba. To amma da wane baki mutum zai tambayi mijin 'yarsa ta fari, "Ina ka samo ta?" Kunnen saniyar na hagu a yanke yake, ciwon bai gama warkewa ba. Baba ya ga kunnen, ni ma na ga ya gani. Ya kawar da kai ya ce Allah ya sa albarka, ya biya kuɗinta.

Da aka yanka ta ana wanke kayan ciki, sai wani abu ya faɗo daga tumbinta. Fari ne sol, sumul, tsawon ɗan yatsa, da nauyin da ya fi girmansa. Mahauta sun san ana samun dutse a cikin dabba jefi-jefi, wani ya gama rayuwarsa bai ga ko ɗaya ba, kuma suna cewa wanda ya samu, kasuwa ta buɗe masa. Baba ya kawo shi gida a naɗe cikin tsumma, yana murna kamar an yi masa haihuwa.

Na juya shi a tafin hannuna. Santsinsa irin na farin jikin buji ne, wato filogin babur.

"Baba, wannan fa kamar aikin masana'anta ne," na ce.

"Kin ji ta ko!" ya ce wa Inna. "Boko ya hana ta ganin ikon Allah. Wace masana'anta ce a cikin saniya?"

Muka yi dariya har da ni. Na daɗe ban ga fuskarsa a sake haka ba, sai na bar zancen. Ya kai wa baduku ya ɗinke masa shi cikin jar fata, ya zama kambu, ya ɗaura a damtsen dama.

Abin da ba mu sani ba, wani furoje, wato shirin inganta kiwo, ya shiga rugage ta wajen Gidimuni. Da fari lamba suke maƙala wa shanu a kunne, ɓarayi suna yankewa su yar. Sai suka zo da wannan farin abu, a ɗura wa saniya ta haɗiye, nauyinsa ya zaunar da shi a tumbi har ƙarshen ranta. A cikinsa akwai lambar dabbar. Ba ya da pil, wato batir, ba ya ƙara, shiru yake sai an kawo wata sanda kusa da shi, sannan ya faɗi lambar. Likitan dabbobi ne ya yi mini wannan bayani daga baya, lokacin da sanin ba ya da sauran amfani.

Ranar da abin ya faru ina aji. Ƙanen Baba, wanda suke zuwa kara tare, shi ya ba ni labari. Ma'aikatan furojen sun zo da sandarsu suna bin shanu ɗaya bayan ɗaya. Baba yana tsaye jikin wani bijimi yana taɓa haƙarƙarinsa, sai sanda ta yi ƙara. Ma'aikacin ya duba ya ce wannan lambar farar saniya ce da aka sace. Mutane suka fashe da dariya, ga bijimi baƙi ƙirin a gabansu. Baba ma ya yi dariya, ya ja da baya don a sake gwadawa. Aka gwada bijimi, shiru. Ma'aikacin ya juyo zai tafi, sandar ta gifta ta gefen Baba, ta sake yin ƙara.

A gaban duk kara aka sa ya tuɓe riga. Wani jandarma da aka kira ya farke kambun da wuƙar Baba ta fawa. Ashe saniyar da aka ciro dutsen a tumbinta tana cikin garken wani makiyayi da aka tsinci gawarsa a daji, an kora shanunsa.

Tambaya ɗaya suka yi ta yi masa: wa ya sayar maka? Ya ce wani baƙo ne, bai san shi ba, ba dillali a tsakani. Ba wanda ya yarda. Duk Damagaram an san ko ɗan akuya ba ya saye sai da shaida, sai gaskiyarsa ta shekara arba'in ta zama ita ke ƙaryata shi.

Na tsare mijina a ɗaki. Ya rantse cewa a bakin hanya ya saye ta daga wasu mutane, ya ga araha bai yi tambaya ba. "Wallahi ban kashe kowa ba," ya ce, yana kuka. Na ce to tashi ka je ka faɗa musu haka. Ya ce gobe. Goben nan har yau ba ta zo ba. Ko gaskiya ya faɗa mini, ban sani ba, kuma na daina tambaya.

Na kai wa Baba abinci gidan kaso. Ya rame, gemunsa ya yi buzu-buzu, shi da ba ya wuce Juma'a bai je wurin wanzami ba.

"Baba, ni zan faɗa. Ina tsaye aka kawo ta."

"Ke, rufe bakinki."

"Ba kai ka yi ba."

"Ni na ga kunnen, na yi shiru. Wannan nawa ne." Ya dubi bango. "Ni tsoho ne, ɗaurin mai sayen kayan sata za su yi mini. Shi in ya shigo nan, zancen rai za a ɗora masa. 'Ya'yanki huɗu. So kike a riƙa nuna su a lakwal ana cewa ga 'ya'yan wanda ya kashe makiyayi, kuma kakansu ne ya miƙa shi? In kin faɗa ban yafe ba."

Duk da haka na je. Wata ranar Talata bayan an tashi aji na hau kabu-kabu har ƙofar jandarmomi. Na tsaya ƙarƙashin wata bishiyar bedi ina kallon ƙofar, da maganar a shirye a bakina. A bakin ƙofar akwai wata mata zaune a ƙasa da goyo, an ce matar makiyayin ce, kullum tana zuwa jin ko an samu wanda ya yi. Na fi awa guda a tsaye. Sannan na koma gida na ɗora tukunya. Na sha gaya wa kaina cewa biyayya na yi wa mahaifi. Ƙarya ne. Tsoro na ji, kuma na ji sanyi a raina da ya ba ni hujjar fakewa.

Shekara ɗaya da wata biyu ya yi. Da ya fito ya koma teburinsa a kasuwa, ya rataye nama, ya zauna yana korar ƙuda. Matan da ya san iyayensu suka riƙa wucewa ta gabansa suna gaishe shi da ladabi, su sayi nama a teburin gaba. Bayan sati uku ya naɗe wuƙaƙensa ya ba ƙanensa. Daga nan sai zaman zaure, sai tari, sai kwanciya.

Kwana biyu kafin ya rasu ya sa aka kira ni. Na shiga ina jiran ya yi mini faɗa, wallahi so nake ya yi, ko zan samu in numfasa. Sai ya ɗora hannunsa a kaina, hannun ba nauyi.

"Kin rufa mini asiri, kin ji maganata," ya ce. "Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu yi miki kamar yadda kika yi mini."

Inna da ke zaune a gefe ta ce amin. Ni na buɗe baki, amin ɗin ta ƙi fita.