Ranar da Na Faɗi Sunan Ɗana na Fari

Ko tsufa ya kwashe mini komi, rana guda ba za ta fita kaina ba, ranar da waya ta sa na faɗi sunan da bakina bai taɓa ɗauka ba.

Mu a wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Tun da aka yanka mashi rago, “kai” nike ce mashi, in ba ya nan kuwa “wancan.” Ya girma, ya zama direba tsakanin Dogarawa da Konni, ya yi aure, furfura ta fara taɓa gemunshi, har yanzu wancan ne.

Wata rana ya kawo mini waya irin ta shafawa. Na ce mi zan yi da ita, ni da ban taka lakwal ba, ban san boko ba? Ya ce, “Inna, wagga tana jin magana. Ki danna nan, ki faɗi sunana, sai ta kira ni.” Matarshi ta rufe baki tana dariya. Na ce, “Marar kunya, ka sawo marar kunya irinka.” Na bar wa matar, ita ke kai ta caji, tana sauraren wa'azi.

Sai damina ta zo. Ana tsakiyar noman hatsi, gari duk ya watse gona, ba kowa sai awaki. Matar ɗana na da tsohon ciki. Da hantsi na gan ta durƙushe bakin turmi, zanenta ya jiƙe. Na karɓi haihuwa da yawa a rayuwata, na san jinin lafiya. Wannan ba shi ba ne. Na leƙa darni na yi ta kira, ba wanda ya amsa. Matar ɗan nawa ta ce, “Inna, ki kira shi,” sai idonta ya juye.

Na ɗauko wayar, na danna inda ya gwada mini. Na ce, “Kira mini wancan.” Wayar ta yi mini faransanci. Na ce, “Kira uban yara.” Ta sake faransanci. Na ce, “Ke, direban nan nike nufi, wanda ya sawo ki!” Ko a jikinta. Jini kuwa ya fara bin ƙasa.

Na ba yarinyar baya, na yi bisimilla, na faɗi sunan. Ya fito mini da nauyi kamar na baƙo. Nan take wayar ta fara kira.

Ya ɗauka, na yi sallama, ya ce, “Inna? Wa ya danna miki?”

Na ce, “Ba kowa.”

Ina jin hayaniyar tasha bayanshi. Sai ya ce, “Ga ni nan.” Bai tambayi komi ba. Ya san ban iya karatu ba, ya san hanya guda ce, sai in na faɗi sunanshi, ya kuma san abin da zai sa in bi ta ba ƙarami ba ne. A Malbaza yake, ya juye fasinjanshi motar abokinshi, ya taho.

A asibiti lokotoro ya ce da mun kai azahar, da sai dai gaisuwa. Aka ciro ɗiya mace, uwar ta rayu. Muna zaune bisa benci, ɗan nawa ya sunkuyo, idonshi jawur, ya ce, “Inna, ashe kin san sunan?” Na ce, “Kai, tashi ka ba ni wuri.”

Tsofaffin garinmu sun yi ta tsegumi, wai na zubar da kunya gaban ƙarfe. Na ce masu ƙarfen ba surukina ba ne. Daga baya na sa an sake rubuta shi a cikin wayar da “direba,” yanzu da kaina nike kiranshi, ban kuma sake faɗin sunan ba.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, an yi kunya don a girmama ɗa, ba don a binne mashi mata ba.