Takalmin da na tuɓe wa Sahabi

Ina bisa rumbu ina gyaran jinka da hantsin Laraba, sai Hamidu direba ya tsaya a bakin hanya, bai ko kashe mota ba. Ya ce, "Nomau, sauko." Na ce, "In goro ka kawo, jeho shi nan." Ya ce, "Sauko dai. Sahabi ya cika. Ba mu kai Konni ba, dab da Tsarnawa rai ya yi halinsa." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na sauko ban san da wace ƙafa ba, kuma har yau rumbun nan rabin jinka gare shi.

Dangi sun ce ni zan rubuta abin da za a karanta ranar sadakar arba'in. Wannan zaɓi ya ba ni mamaki, don aji uku na yi a lakwal, makarantar boko, na tsere, abin da na fito da shi bai wuce "wi mushe" da tabon bulala ba. Rubutun nan ma a karatun manya na tsince shi, gemu ya riga ya fito. Wanda ya ga harafi ya karkace ya yi haƙuri, mai gyara mini ne ya tafi.

Sahabi ɗan kawuna ne, ni ɗan gwaggonsa, wato taubasai muke. Kowa ya san abin da ke tsakanin taubasai: ka faɗa masa abin da ko uwarsa ba ta faɗa masa, a gaban kowa, kuma ba shi da izinin fushi. Ina ce masa Mai-kan-tulu, don Allah ya hore masa kai. Ina ce masa bawana. Shi kuma Darakta yake kirana, saboda zurfin karatuna. Tun muna kiwon awaki ban taɓa gaishe shi da ladabi ba, kuma da na yi, da ya tambaya ko lafiya.

Ya daɗe yana mushe, wato malamin lakwal, a Malbaza, a Tajaye, daga baya a nan garinmu. Ajinsa na zana ne, rana ta shigo ta sama, awaki su shigo ta ƙasa. Alli guda sai ya karya shi uku. Idan yaro bai zo ba, ba ya aika a kira shi, da ƙafarsa yake zuwa har gona. Yakan ce, "Wanda ya makara ya zo. Wanda bai zo ba shi ne aikina." Yakan kuma ce yaro ba ya jin karatu da rana a tsakar kansa. Shi ya zo gidana ya rubuta sunan ɗiyata Rabi. Na ce mace ce, kuma kan ubanta gare ta. Ya ce, "Darakta, kai ka tsere mini. Ba ni ɗiyar in rama."

Sai zamanin jam'iyyu ya zo, gari ya rabu biyu. Rumfa biyu, mai shayi biyu, har mahauci kowa da nasa. Sahabi ya tsaya takarar depite, wato ɗan majalisa, ya ci. Ni na faɗa ɗaya rumfar, ba don na san manufarta ba, sai don shayinsu ya fi kauri. Wasanmu bai fasa ba. Ina tsallaka hanya in zage shi, in sha shayinsu, in komo.

Abin da ya raba mu magani ne. Gwamnati ta ce aljihunta ya bushe, daga yanzu wanda ya je likita shi zai sayi kati, shi zai sayi magani. Sahabi yana cikin waɗanda suka ɗaga hannu a majalisa. Hujjarsa ba ta banza ba ce, kuma ba zan rage masa ita don ya mutu ba. Ya ce maganin kyauta da babu shi cikin kwaba suna ne kawai, gara a biya a samu, ɗan abin da ya rage a biya malamai a rufa azuzuwa. Ni kuma na ce mara lafiya ba ya ciniki, kuma ciwo ba ya jira a sayar da akuya. Mun yi wannan gardama sau da yawa, muna yi muna dariya.

Da bazara sanƙarau ya kama Rabi. Na kai ta likita a amalanke. Majo, ma'aikacin likitar, ya duba ta, ya rubuta mini takardar sayen magani, ya ce in hanzarta. Kafin in sayar da akuya, in sami mota zuwa Konni, in komo da allurai, kwana biyu sun wuce. Allah ya tashe ta, amma kunnuwanta sun rufe. A shekarar nan aka yi wa ajinsu rufin kwano. Idan ruwa ya sauko, mushe ya yi shiru don ƙara, Rabi kaɗai ce ba ta damu ba.

Ba ni kaɗai abin ya taɓa ba. Dattawan gari suka ce a je a sami Sahabi a gidansa na Illela ranar kasuwa, kuma a tafi da ni, don bakina ne ba a ɗaure ba. Muka iso da hantsi. Aka ce yana da baƙi daga Yamai. Muka tsaya a rana har aka kira azahar, da Baba Tankari a cikinmu, wanda ya girmi uban Sahabi, yana dogare da sanda. Ko ruwa ba a kawo ba. Da ya fito, baƙin na bayansa, rabin maganarsa Faransanci ce. Baba Tankari ya ce, "Ɗana, yaranmu na mutuwa da takarda a hannu." Sahabi ya ce, "Baba, ku ba ku san yadda ake tahiyar da ƙasa ba."

Na ga fuskar tsohon, na ce bari in ceci kowa da abin da na iya. Na ce, "Kai Mai-kan-tulu, bawana! Tun da ka tahi Yamai kan ya ƙaru, kunnuwan suka ragu?" Aka fashe da dariya, har baƙin. Shi bai yi ba. Ya ce, "Nomau, nan ba dandali ba ne. Depite ake ce mini."

Na tuɓe takalmina, na durƙusa cikin ƙasa mai zafi, na ce, "Allah shi ba ka nasara, Depite." Duk wanda ke nan ya gane na yanke abin da ke tsakaninmu, don taubashin da ya durƙusa maka ya mayar da kai bare.

Wallahi na ɗauka mako guda zan yi. Amma 'yan rumfarmu suka ɗauki abin suka yi tuta da shi. Ko'ina na shiga sai a ce ga wanda ya koya wa depite hankali. Da na sake yi masa wasa, da sun ce an saye ni. Shi ma mutanensa suna kallonsa, ba ya iya tsallako hanya. Ni kuma duk lokacin da zuciyata ta yi sanyi, sai in kira Rabi daga bayanta ba ta juyo ba. Haka muka yi shekara huɗu. In mun haɗu a suna ko jana'iza, in tuɓe takalmi in gaishe shi, ya amsa yana duban ƙasa.

Da aka rufe majalisa ya komo gari, ba mota, ba baƙi. A nan ne na ga abin da nake so a tuna shi da shi. Ya je ƙofar Baba Tankari ya tsaya a rana. Aka shimfiɗa masa tabarma a inuwa, ya ƙi, sai da aka kira azahar, sannan ya nemi gafara. Ya koma aji ba tare da an sa shi ba. Ya zaunar da Rabi a gaba, duk abin da ya faɗa wa yara da baki sai ya rubuta mata a allo, har ta fi masu kunne. Rannan ya zo ƙofar gidana ya ce, "Darakta, kana ciki?" Na fito. A ƙofar gidana, gidan da na gina da hannuna, na tuɓe takalmi na ce, "Sannu da zuwa, Depite." Ya juya ya tafi.

Ciwon sukari ya kwantar da shi. An ce ranar da majo ya miƙa masa tasa takardar, ya dube ta ya ce, "Da hannun ga na ɗaga mata, ga ta ta komo hannun." Bai janye maganarsa a kan lakwal ba har ya mutu. Abin da ya ce kawai, da ya sani da ya tsaya a cire yara daga biya.

Ana saura kwana biyar ya cika, matarsa Tsahara ta same ni a bakin rijiya. Ta ce, "Nomau, ɗan'uwanka ya ce ka zo ka zage shi. Ya ce kowa lallashinsa yake, ya gaji." Na tafi ina shirya maganganu a hanya, masu kyau, har da wadda ta shafi matashin da ke ɗauke da wannan kai. Na isa zaure, ga mutanen rumfarsu, ga namu sun zo dubiya, kowa ya zuba mini ido. Na shiga. Ya rame, sai kan. Kafin in buɗe baki ƙafafuna sun riga sun tuɓe takalmin, na ji kaina ina cewa, "Ya jiki, Depite?" Ya ce, "Har yanzu?" Na ce, "Allah shi ƙara sauƙi." Na fito ina ce wa kaina zan komo ranar da babu mutane. Ranar Laraba Hamidu ya tsaya a bakin hanya.

Da aka fito da makara, tsofaffin mata suna jiran taubashi ya tare hanya ya yi wasansa na ƙarshe, yadda aka saba. Wata ta zungure ni ta ce, "Nomau, haƙƙinka ne." Ni da ba a taɓa roƙo in yi magana ba, na kauce na bar makarar ta wuce.

Bayan sadakar uku Rabi ta kawo mini allonta. Ta ce ta je gaishe shi ana gobe za a tafi da shi Konni, ya karɓi alli ya rubuta, ita kuma ba ta goge ba. Na zauna na haɗa haruffan ɗaya bayan ɗaya, da ɗan karatuna na manya. Ya rubuta: "Ki ce wa Darakta ya sa takalminsa."

To, na sa. Kuma tun da ga rumfa biyu zaune a tabarma ɗaya, ku ji da kunnenku. Kai Mai-kan-tulu, bawana, wa ya ba ka izinin tafiya ba ka sallami ubangidanka ba?

Allah ya jiƙan Sahabi, ya gafarta masa abin da ya yi da sani da wanda ya yi da kuskure. Allah ya sa tsayuwar da ya yi a ƙofar Baba Tankari ta zame masa inuwa ranar da babu inuwa. Allah ya ba Tsahara da ɗiyansa haƙuri, ya raya abin da ya bari, ya kiyaye yaranmu daga ciwon da ba ya jira. Ni ma ya yafe mini shekara huɗun nan. Allah ya haskaka kabarinsa, ya yalwata masa shi, musamman ta wajen kai. Amin.