Ranar da Aka Zo Ganin Sana'ata

A gidanmu da ke Nguru, har yau idan aka tambayi mahaifiyata sana'ata, cewa take yi, "Yana danne-danne." Ban taɓa jin haushinta ba, don ta fi wasu adalci. Maƙwabta sun yanke cewa mai gyaran waya ne ni, marar shago kuma marar kirki, tunda duk wayar da aka kawo sai in ce ban iya ba.

Shafukan intanet nake ginawa. Su ma ba fuskarsu mai launi da hotuna ce ta fi cin lokacina ba, cikinsu ne: inda saƙo ke shiga, a tantance shi, a adana, a ba shi amsa. Aiki ne da idan ka yi shi da kyau babu wanda zai san kana duniya. Na daɗe ina alfahari da hakan, har ranar da na tashi neman aure.

Wadda nake so malamar makaranta ce a Gashua, kuma mun daidaita kanmu. Mahaifinta dillalin shinkafa ne, asalinsu Haɗeja, mutumin da bai yarda da duk arzikin da ba a zuba shi a buhu ba. Sau ɗaya na taɓa gaishe shi, a tsugune, kaina a ƙasa. Da magabatana suka je ya karɓe su hannu bibbiyu, sannan ya ce zai yi bincike. Binciken kuwa ya yi kyau ƙwarai: yaron yana salla, ba ya shaye-shaye, ba ya zuwa ko'ina, ba ya kuma aikin komai. Yarinyar ta kira ni, ta ce baffanta, yayan mahaifin nata, zai zo ya ga sana'ar da idonsa, in bai gani ba an rufe maganar. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Da hantsi ya iso, dattijo dogo mai magana a hankali. Na shigar da shi ɗakina, na shimfiɗa masa darduma.

"To ɗana, ina wurin aikin?"

"Nan ne, Baba."

Ya dubi gado, ya dubi teburin da na manna da taga saboda ta nan kaɗai netwok ke yarda ya shigo. "Madalla," ya ce. "Ba nisa."

Na buɗe kwamfuta na nuna masa baƙin allo cike da ƙananan rubutu. Na yi masa bayani cewa aikin nawa yana zaune ne a cikin wata babbar kwamfuta da muke kira saba, wadda nake haya a ƙasar waje.

"Ka taɓa zuwa can?"

"A'a, Baba."

"Mai ita fa, kun taɓa gaisawa?"

"A'a."

"Amma kana biyan haya."

"Duk wata."

"To, Allah ya sa albarka," ya ce, da muryar da ake yin ta'aziyya.

Na ga jirgi na shirin barina, sai na jawo abin da na fi taƙama da shi. Akwai wani injin casar shinkafa a Gashua da na yi wa tsarin layi. Da, manoma da dillalai kan jibge shinkafa shanshera a bakin injin su yi ta gadinta suna faɗa a kan wa ya riga wa. Yanzu mutum yana gida saƙo zai shigo wayarsa cewa layinsa ya zo. Baffa ya saurara tsaf, sannan ya tambaye ni a ina hannuna yake a ciki. Na ce ai ba a gani. Ya gyaɗa kai, alamar abin da aka gaya masa ke nan. Ya fara laluben takalminsa.

Sai wayata ta yi ƙara. Mai injin ne, ko sallama babu. Ashe kamfanin da ke isar mana da saƙonni ya sauya tsarinsa bai ga dalilin gaya wa kowa ba, duk saƙon da na jera don ya fita ɗaya bayan ɗaya ya fita a tare. An gaya wa kowa da kowa cewa layinsa ya zo. Mutanen Katuzu sun taho a babura da a-kori-kura, na Dapchi suna hanya, kowa da shaidarsa a waya. Shi kuma mai injin, don kada ya ci ladan shi kaɗai, ya raba wa jama'a lambata.

Na sa wayar a sifika na ajiye, hannuwana na kan kwamfuta. An zage ni da Hausa, an zage ni da Badanci, wani ya fara da Barbarci ya ga kamar ba na fahimta ya fassara mini. Ina ba da haƙuri ina toshe ƙofar saƙonnin, ina sake jera mutane yadda suka zo. Gumi har cikin ido. Da na saci kallon Baffa, sai na ga ya saki takalmin ya gyara zama.

Can wata murya mai kauri ta shigo. "Kai ne mai na'urar? Wane irin sakarai ne kai? Motata cike da kaya tana tsaye a rana! Kai ko kunya ba ka ji, mutane nawa ne abincinsu ke hannunka kana wasa da shi?"

Ni ban gane muryar ba, ai sau ɗaya na taɓa jin ta, ita ma a taƙaice. Baffa kuwa ya gane ta, ai tare suka taso da mai ita. Ya miƙo hannu ya ɗauki wayar a hankali.

"Alhaji ƙarami," ya ce, "ni ne. Ina Nguru."

Ya ƙara matso da wayar kusa da bakinsa.

"Marar aikin yin da ka aiko ni in gani, ga shi nan a gabana. Ka ce abincin mutane nawa ne a hannunsa?"

Bai jira amsa ba, ya ɗora:

"To ka sassauta. Ba a yi wa suruki irin wannan tsawa."

Yatsuna suka tsaya a kan kwamfutar, rubutun ya dushe mini, don hawaye ne suka cika idona. Baffa ya kashe wayar ya ajiye kusa da ni.

"Ci gaba, ɗana," ya ce. "Motar surukinka tana rana."