Kawu Sha-Shida da kwamfutar da ba ta ƙarya

Kawuna mai karanta mitar ruwa ne, shekara talatin yana leƙa bayan gidajen mutane da biro a kunne. Da ya yi ritaya sai ya share ɗakin ajiya, ya kafa tebur tsakanin tsohon firiji da keken ɗinkin matarsa, ya ce zai rubuta babbar manhajar da ke tayar da kwamfuta, tasa ta kansa, tun daga tushe.

Duk wanda ya shiga gaishe shi sai ya sha karatu. Wai a cikin furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfuta ke nan, akwai wasu 'yan aljihuna da ake kira rijista, inda take riƙe lamba in tana lissafi. Na tsofaffi gurbi sha shida ne, na bayansu talatin da biyu, na zamani sittin da huɗu. Daga nan aka laƙaba masa Sha-Shida. Shi ma bai bar mu ba: in ka manta saƙo sai ya ce rijistarka ƙarama ce.

Shekara bakwai manhajar abu ɗaya ta iya. Ka kunna, allo ya yi baƙi, ta rubuta faɗin rijistar kwamfutar, ta tsaya cak. A tsohuwar kwamfutarsa, wadda ta girme ni, kullum amsar sha shida ce, kuma gaskiya ne.

"To in ta faɗa sai me, Malam?" matarsa ta taɓa tambaya.

"Sai a sani," in ji shi.

Ran nan 'yarsa, ma'aikaciyar jinya, ta zo da sabuwar kwamfuta fil a kwali. Ya ce ba za a taɓa ba sai ya gwada. Ya kunna ta da manhajarsa. Allo ya ce sha shida.

"An cuce ki! Tsohuwa suka yi wa sabuwar riga."

"Baba, ga shi a jikin kwalin, sittin da huɗu."

"Kwali kika yarda da shi ko mahaifinki?"

Ya sa hula, ya rungumi kwali, ni da ita muka bi shi shagon da aka sayo ta muna ba shi haƙuri. Mai shago ya rantse har ya gaji, sannan ya ce a gwada sauran. Kwamfuta tara Kawu ya gwada, kowace ta ce sha shida. Ya juya ya sanar da masu sayayya cewa duk shagon jabu ne. Wata mata ta ajiye abin da ta ɗauka ta fice.

Sai mai gyaran kwamfuta a shagon, wata mace mai tabarau, ta fito daga ciki ta nemi ganin abin da ya rubuta. Ba ta yi minti biyar ba ta ɗago.

"Baba, duk irin waɗannan da sha shida suke farkawa, sai an bi da su mataki-mataki sannan suke buɗe sauran guraben. Kai kuwa tun suna miƙa kake tambayarsu. Ka ga wannan layin? Ko me aka kawo maka, amsa ɗaya zai ba ka."

Kawu ya daɗe yana kallon layin. Ya gyara hula, ya ce dama ya zo ne ya gwada ko shagon na da ma'aikatan kirki, kuma ta ci jarrabawa. Ya rungumi kwalin muka koma gida.

Wata biyar yana gyara. Ranar da ya gama ya tara mu, ya kunna ta 'yarsa: sittin da huɗu. Muka tafa. Matarsa ta ce a gwada tsohuwar ma. Ita ma ta ce sittin da huɗu.

Kawu ya shafa ta a hankali, ya ce shi dama ya daɗe yana zargin tana ɓoye kanta.