Jif a Ƙarƙashin Dekin

Ƙanena bai taɓa ba ni ajiyar ko allura ba sai ranar da ya kawo jif ɗinsa gidana. Shi ya yi boko har ƙarshe, ni a aji biyu na sakandare na tsaya. Don haka idan ana shawara a gidanmu shi ake kira a waya, ni kuma a gaya mini abin da aka yanke, alhali shekara bakwai na ba shi. Sai da wurin aikinsu suka tura shi kwas Legas na mako shida, mai gidan da yake haya ya ce ba zai yi gadin mota ba, sannan ya tuna yana da wa.

Motar baƙa ce, ƙatuwa. Idan ta tsaya a layinmu, ko akuya sai ta juya ta sake hanya. Ya zo da dokokinta a rubuce a takarda. Kowace safiya a tayar da ita ta ɗumama saboda batir. A duba ruwan lagireto da baƙin mai. A goge ta da tsumma mai laushi, ba tsohuwar singileti ba. Kada ta kwana a waje, kada ta yini a rana. Tayar baya ta hagu tana sauka a hankali, ga famfon ƙafa nan ya bar mini. Ta ƙarshe ya ja mata layi biyu: kada a tuƙa.

"Yaya, ka gane, ko in sake karanta maka?"

"Na iya karatu."

"Amana ce fa."

Na ji haushi, amma ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Mabuɗin a aljihun gaba nake sa shi, inda igiyarsa za ta leƙo a gani.

A lokacin ina gina shago a bakin gidana. Shekara huɗu ina ɗora bulo ɗai-ɗai, bango ya kai linta, wato saman ƙofa, gaba a buɗe. Na rantse ba zan rufa da kwano ba, dekin zan zuba, wato rufin kankare, don wata rana in ɗora ɗaki a sama, maƙwabta su riƙa ɗaga kai kafin su gaishe ni. Cikin wannan kangon ne kaɗai jif ɗin ta shiga. Ƙanena da kansa ya saka ta da baya, muka ja tamfol a sama, ya tafi.

Kayan dekin kuwa mafi arha na nema, ban ji kunya ba. Katakon da ake shimfiɗawa a zuba kankare a kai na haya ne, na itacen malaina, tsofaffi, an zuba rabin dekin Lafia da su, duk ramin ƙusa. Gorar tokarewa ɗanya ce daga Kwandere. Da yake layi ake bi a wurin mai katakon, na ce wa kafinta duk ranar da suka samu ya fara aiki kawai, kada ya jira ni. Kafintan ɗan Tibi ne, mutumin kirki, ba ya wasa da umarni. Abin da ya cuce ni ke nan.

Aka yi rasuwar kawun matata a Adogi, muka tafi mu biyu, kwana uku, mabuɗi na aljihuna. Can inda muka sauka waya ba ta kamawa. Da hantsin rana ta huɗu mai acaɓa ya sauke ni a ƙofar gida, na ga shagona ya yi rufin katako, an ɗaure rodi a sama, birkila na tsaye da shebur, mata masu kwanon sarki sun jeru, an riga an kwaɓa siminti da tsakuwa tuli guda. Na leƙa ciki. Gora ce a tsaye ko'ina kamar an shuka, gaba da baya, dama da hagu. A tsakiyarsu motar ƙanena.

Na ce, "Kai! Ta ina za ta fita?"

Kafinta ya share gumi. "Oga, na kira ka har na gaji, waya bai shiga. Mun tura mota, ya ƙi motsi. Shi ba ya fita yanzu. Shi yana aiki."

"Wane aiki?"

Ya ja ni ya nuna mini. A tsakiyar shagon, inda motar ta hana gora taɓa ƙasa, katakon arhan nan ya yi ciki. Sai ya shimfiɗa tsohuwar katifa a kan kariyar ɗaukar kaya da ke rufin motar, ya aza katako, ya tokare da guntayen gora huɗu.

"Wannan mota ƙarfe ne na gaske, Oga. Ya fi gora."

Ina iya cewa a kwance komai. Amma kwaɓaɓɓen siminti ba ya jiran kowa, katakon kuma idan ya koma sai na sake bin layi. Kwana ashirin da ɗaya dekin yake yi kafin a cire tokari, ƙanena kuwa saura masa fiye da wata. Na lissafa a kaina, na ce a zuba. Ba wanda ya sa mini wuƙa a wuya. Ni na ce.

Kwano bayan kwano, ina kallo motar tana durƙusawa a hankali kamar raƙumin da ake yi wa lodi. Ruwan siminti ya fara ɗiga ta ramukan ƙusa. Matata ta kwaso leda, buhunan taki, har da zannuwanta biyu, muka rufe abin da hannu ya kai.

Kafin ya tafi, kafinta ya durƙusa ya daki tayar baya ta hagu. "Oga, wannan kada ya sauka. Idan ya sauka, dekin ya bi shi. Kuma kwana uku kada ka kunna inji, girgiza zai tsaga kankare."

Daga ranar na zama bawan taya. Asuba in taka famfo, azahar in taka, la'asar in taka. Cinyata ta dama ta fi ta hagu kauri. Sabon dekin kuma sai an shayar da shi safe da yamma don kada ya tsage, saboda haka in hau tsani in kwarara ruwa a sama, in sauko da gudu in goge shi a jikin mota. Ni nake jiƙawa, ni nake gogewa. Maƙwabta da nake so su ɗaga kai su gaishe ni suka kawo benci.

"Maigida, yau wa ya fara karyawa, dekin ko motar?"

"Idan ka gama ka zo ka yi wa kekena iska, tunda ƙafar ta saba!"

Kowace safiya ƙanena zai kira. A rana ta biyu ya ce yana so ya ji ƙarar injin. Na tsallaka wurin mai wankin kai na maƙwabta, na kara wayar a jikin janaretansa.

Ya ce, "Yaya, sautin nan ya canja. Kamar tana tari."

"Sanyin safiya ne."

"A Lafia?"

Na ce waya ba ta kamawa, na kashe.

Da kwana ukun suka cika aka koma ɗumamawa. Ƙofofin ba sa buɗuwa fiye da tafin hannu saboda gora, sai ta but ɗin baya nake shiga, in yi rarrafe a kan kujeru da tumbina. Hayaƙi ya cika shago, in fito ina hawaye. Baƙin mai kuwa na bar wa Allah, don murfin inji ba ya ɗaguwa. Matata ta ce in gaya wa ƙanena gaskiya. Na ce mata ajiya ɗaya aka taɓa ba ni a duniya, kuma zan mayar da ita a wanke, ba wanda zai sani.

Ranar sha uku da zuba dekin, ina tsakiyar taka famfo da ɗan gajeren wando, na ji benci ya yi tsit. Na juya. Ƙanena ne cikin farar shadda, da jaka a hannu. An ba su hutun kwana biyu, surukinsa na walimar sabon gida a Arikya, ya zo ɗaukar mota ya je a gan shi.

Bai yi ihu ba. Da ma ya yi. Ya zagaya ya leƙa ta tsakanin gora, ya kalli katifa, ya kalli zanen matata a kan gilashi, ya kalli ƙafata a kan famfo.

"Yaya, mene ne wannan?"

"Ka ce kada ta yini a rana."

Wani a benci ya shaƙe da dariya. Na ga dole in nuna ni ne babba, na ɗaga murya: "Idan motarka ta fi zumunci, yanzu a buge gorar nan, shagon ya rushe, ka ɗauki abarka!" Na tabbata zai ce a'a, haba Yaya.

Ya ce, "To, a buge."

Kafinta da aka kira da gaggawa ne ya cece ni. "Alaji, idan an buge, a kan mota zai faɗi. Saura kwana takwas."

Ƙanena ya tafi Arikya a bayan acaɓa, ya tattare babbar riga a cinya. Da ya dawo da yamma bai koma Legas ba. Ya kira ofishinsu ya ce akwai larura a gida. Sannan ya miƙo mini hannu, ba don gaisuwa ba. Na ciro mabuɗin na ba shi. Bai janye hannun ba, sai da na ɗauko famfon ma.

Kwana takwas ɗin nan shi yake zuwa da kansa, sau uku a rana, ya cire takalmi ya taka famfo, ya shiga ta but. Ya sayo sarƙa ya zagaye gorar gaba, ya sa kwaɗo. Ni an bar mini shayar da dekin, shi ma sai ya tsaya a ƙasa ya ce zuba, ya ce isa. Na ce masa shagona ne fa.

Ya ce, "Na sani, Yaya. Ka tsaya daga waje."