Ranar da Bukar ya ɗauki layina

'Yata Falmata, wadda ke koyar da Turanci, ta gaya mini cewa kalmar "sifiya" da muke faɗa a tasha ta Turawa ce, kuma asalinta a bakinsu shi ne a bar mutum da ransa, kada a taɓa shi. Mu direbobi abin da muka sani, sifiya shi ne wanda ake ajiyewa don ya shiga madadin wani. Tana faɗa, sai Kaka ta faɗo mini a rai.

A ƙauyen Dusuman na tashi. Bayan sallar isha'i Kaka takan hura wuta da karan dawa, ta binne gyaɗa a toka, mu zagaye ta. Da Kanuri take ba mu labari, tana yi tana korar hayaƙi da gefen mayafi.

Akwai na wani gari mai rijiya ɗaya, da dodo a cikinta. Duk shekara gida ɗaya ke ba da wanda zai shiga ya yashe ta. Wani ya fito, wani shiru. Da abin ya zagayo kan wani attajiri, sai ya ba maƙwabcinsa talaka saniya, ya shiga a madadinsa. Aka jawo igiya ba kowa. Tun daga ranar, duk ƙwaryar ruwan da attajirin ya ɗaga, fuskar maƙwabcin yake gani a ciki. Ƙishirwa ta kashe shi a gindin randa.

Na ce, "Kaka, ai ya biya shi saniya!"

Ta ce, "Kai Modu, mai bakin tsiya. Saniyar ta shiga ce. Ta fitowa fa, wa ya biya?"

Muka yi dariya, muka ci gyaɗa.

Shekarun da hanyoyi suka lalace, ina jan mota daga Maiduguri. Wata Laraba layi ya zo kaina, ga labarin ana tare hanya. Na ce zazzaɓi nake yi. Ƙarya ce. Na miƙa wa Bukar makulli, sifiyan direbanmu, magidanci mai 'ya'ya huɗu, na ce kuɗin ranar duka nasa ne. Har godiya ya yi mini. Ba a ga motar ba, ba a ga Bukar ba.

Na daɗe ina kai wa matarsa Yagana shinkafa a unguwar Moduganari, tana sa mini albarka, ina amsawa. Bara na kasa jurewa. Na tsaya a zaure na ce, "Yagana, ranar nan lafiyata ƙalau. Tsoro na ji."

Daga bayan labule ta ce, "Na sani, Ba Modu. Shi ma ya sani. Ya ce mini tsoho ya tsorata, bari in rufa masa asiri."

Da ina zaton wanda aka tura bai san abin da ake ciki ba. Ashe ya kalle ni, ya gane, ya karɓi makullin. Yagana ba ta ce ta yafe ba. Ni ma ban iya roƙo ba.